Buhunan Sito Na Biyu

Kwana goma sha tara bayan fashewar, Rumyana Gancheva ta koma masana'antar takin. Ba wanda ya kira ta. Tabaraunta na karatu ta je ɗaukowa, wanda ta bari a kan tebur a ɗakin gwaji, inda ta yi shekara ashirin da shida tana duba tsabtar takin da ake ɗurawa a buhuna. Ba ta ma nemi ƙofa ba, don shingen waya na gabas ya kwanta tun ranar, har an yi hanya ta kansa, ciyawar wurin ta mutu da sawun taya.

Mai gadi ɗaya ta tarar, Zhelyo, ya kafa kujerar roba a inuwar tankin ruwa yana ɓarar 'ya'yan kabewa.

"Ina sauran?" ta tambaye shi.

"Wane sauran? Mu uku aka bari. Biyu sun ce suna son ransu."

Sai da ya maimaita, don kunnenta na hagu ya tafi tun ranar. Ta wuce ramin da ya zama makwafin sito na ɗaya ba ta waiga ba. A nan mutum bakwai suka mutu da hantsin wata Talata. Sito na biyu bai tashi ba, amma rufinsa ya yaye, tankin man injin wuta da ke jingine da bangonsa ya tsage ya tsiyaye ciki, 'yan kwana-kwana kuma suka yi kwana biyu suna zuba masa ruwa. Da ta leƙa sai ta ga rabinsa wayam, ba komai sai yagaggun ledoji da kashin jaki.

"Ranar jana'iza aka fara," in ji Zhelyo da ya biyo ta. "Da baro, da amalanke, da tarakta, rana tsaka, ana ma gaisawa. Wa kike so in hana? Baffa Dobri zan tare, wanda aka miƙa wa ɗansa cikin akwati aka ce kada ya buɗe? Akwai kuma wata babbar mota da ta yi lodi sau biyu. Ita kam shugabanmu da kansa ya nuna mata hanya, ban sake ganin ƙeyarsa ba."

Rumyana ta durƙusa ta sa hannu cikin wani buhu da ya fashe. Maimakon ya zubo mata fari tas kamar gishiri, sai ta ciro dunƙule mai launin ƙasa, ya daskare, yana warin mai. Ba ta buƙatar kwalba ko ma'auni. Farin takin nan in yana da tsabta haƙuri gare shi, sai an matsa masa ƙwarai yake faɗa. Wanda ya sha mai ya dunƙule kuwa, wuta kawai yake jira ya fashe. Ta miƙe ta hangi ƙauyensu, Malinovo, a gindin tudu. Watan Satumba ne, hayaƙi na tashi daga kusan kowane tsakar gida, ana gasa jan tattasai na ajiyar hunturu, nan da 'yan kwanaki kuma a fara hura wutar dafa giyar inabi. Ta juya ta sauka ba ta shiga ɗakin gwajin ba.

Washegari ta hau bas zuwa gunduma. Insifeto Nedelchev, shugaban 'yan sandan wurin, abokin ƙaninta ne tun suna makaranta. Ya saurare ta har ƙarshe yana murza goshi.

"Yaya Rumyana, mutum goma sha ɗaya gare ni, mota biyu, ɗaya sai an tura take tashi. In na ce zan bi gida-gida, kafin in gama layin coci sun tura shi inda ko kare ba zai gano ba."

"To kar ka bi. Ni zan bi. Kai dai ka ba ni wuri, ka kuma ce ba za a tambayi sunan kowa ba."

Suka tsaya a kan tsohon filin ƙwallo na bayan makarantar da aka rufe, nesa da gidaje, ranar Lahadi daga tashi coci har yamma. Litinin sojoji su zo su kwashe.

"Ka ɗauki alkawari?" ta ce.

"Na ɗauka. Ba biro, ba takarda."

Ta fara daga layin gada. Duk ƙofar da ta tsaya, abin da take fara gani shi ne takardun sanarwar rasuwar mamatan da hotunansu, an manna su a ƙyaure da jikin itatuwa da allon tashar bas. Fuska bakwai, duk ta san su, wasu har abincin ranar da suke zuwa da shi ta sani. Ƙauyen ma ya san ta, don an karanta sunanta a talabijin. Sau uku ta rubuta wa manaja cewa motocin ɗaga kaya na zubar da mai a sito na ɗaya, rufi kuma na yoyo, sau uku ana ce mata a bari kaka ta wuce. A watan Yuni aka kawo takardar masu bincike mai cewa komai lafiya, ta duba saura mata shekara uku ta ajiye aiki, ta sa hannu.

Goggo Penka na zaune gaban murhun gashi tana juya tattasai da yatsu kamar wuta ba ta cin ta. Taku biyar daga murhun, ƙarƙashin rumfar itace, an lulluɓe wani tsibi da tsohon bargo, kunnen buhu na leƙe.

"A'a, yau malamar kimiyya ce a gidanmu? Zo ki sa mana hannu a takarda, ki ce tattasan nan lafiyarsa lau."

"Goggo, mene ne ƙarƙashin bargon can?"

"Dankali."

"Dankali mai warin man mota?"

"Irin na bana ke nan." Tsohuwar ta jefa tattasai cikin tukunya ta rufe. "Shekara arba'in muna shaƙar hayaƙinku. Ka shanya wanki fari ka kwashe shi rawaya. Mijina da tari ya tafi. Yau don na ɗebo buhu huɗu zan zuba wa albasa sai ki zo mini da wa'azi? Da kika ga mai na ɗiga a can, ƙofar wa kika ƙwanƙwasa?"

"Ban ƙwanƙwasa wa kowa ba, Goggo. Shi ya sa na zo yanzu. In ba za ki kai ba, ki dai matsar da murhun."

Penka ta ci gaba da juya tattasai. Amma Rumyana na jan ƙyaure ta ji ana jan ƙarfe a kan siminti.

Kwana huɗu ta yi tana wannan yawon. Wasu suka ƙi buɗewa alhali tana ganin labule na motsi. Wani ya rantse da 'ya'yansa ko ƙwaya bai ɗauko ba, ga farin gari a tayar baronsa. Wata mata da mijinta ke cikin bakwai ɗin ta tsaya ta saurare ta tsaf, sannan ta tofa miyau a gefen takalminta ta koma ciki.

Baffa Dobri ta bari ƙarshe, don shi ta fi jin nauyi. Aminin mahaifinta ne, shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta, ɗansa Stoil kuma shi ne direban da ke cikin sito na ɗaya a lokacin. Ta same shi a rumfar bayan gida yana goge tukunyar dafa giya da toka. Buhunan ko rufe su bai yi ba, guda goma sha biyu, an jera su a bango ɗaya da murhu.

"Zauna, Rumi. Na ji kin zama mai bishara."

Ta zauna a kan kututture, ta juya masa kunnen dama. Ta fara bayanin da ta haddace, ya ɗaga hannu.

"Ba alkama zan zuba wa ba," ya ce. "Wa zai nome? Stoil ne mai tarakta. Zuwa na yi in ga wurin, sai na tarar mutane na ɗiba. Na ce to, tunda ɗana ya shiga bai fito ba, ni ma sai na fito da wani abu nasu. Sawu uku muka yi da jaki. Da na jera su na zauna ina kallonsu, ban ji komai ba."

"Yaushe za ka hura wutar?"

"Litinin. Ranar cika kwana arba'in da rasuwar Stoil mutane za su zo, ba zan ba su ta kanti ba."

"Baffa, na san mai na ɗiga a siton nan. Na sa hannu duk da haka."

"Na sani. Stoil ma ya sani. Kullum sai ya faɗa muna cin abinci, kullum kuma da safe ya ɗauki jakarsa ya tafi. Wa bai sani ba?" Ya ci gaba da gugar tukunya. Can ya ce, "Ɗan sandan ya ce ba suna?"

"Ya ce."

"Kin yarda da shi?"

"Na yarda."

"To. Ni ban san shi ba, ke na sani."

Ranar Lahadi ana tashi coci, Baffa Dobri ya ɗaura jaki, bai ko cire baƙin kwat ɗinsa ba. Bai bi ta bayan gari ba, ta babban titi ya bi, a hankali, buhuna a fili kowa na gani. Da ya zo gaban shagon kofi inda maza ke zama sai ya ja linzami.

"Kai Kolyo, naka sai ya tashi da kai da surukarka tukuna?"

"In da surukar ce kaɗai ai da na ƙara ɗebo wani," in ji Kolyo. Aka yi dariya, irin wadda ba a yi ba tun watan jiya. Bayan rabin awa sai ga Kolyo da tarakta.

Kafin yamma gida goma sha huɗu sun kawo. Goggo Penka da kanta ta turo baro da buhu biyu, ta ce sauran biyun albasa ta riga ta cinye. Ɗan sanda ɗaya ne a filin, yana zaune cikin mota. Rumyana ta kalli abin da aka tara, ta tuna girman gurbin da ta gani a sito, ta san ko kashi ɗaya cikin huɗu bai dawo ba. Amma mutane na cewa za su ga yadda ta kaya da waɗannan, in shiru ne su kawo nasu Lahadi mai zuwa.

Ranar Talata da safe baƙaƙen motoci biyar suka shigo ta gada. Mutanen ciki sun rufe fuska, sun san kuma ƙofofin da za su tsaya. Kafin ƙarfe goma an tafi da mutum tara. Baffa Dobri an ɗauke shi daga gaban murhu, giya na tsakar ɗiga, maƙwabciya ce ta zo ta kashe wutar.

Rumyana ta tarar da Nedelchev a tsaye a barandar ofishinsa, don baƙin sun karɓe kujerarsa.

"An tare wata mota kusa da iyaka da buhu ashirin masu tambarin masana'antar nan," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Direban ya tsere. Manya a Sofiya, babban birni, sun kasa zaune sun kasa tsaye, ana cewa abin da ya ɓace zai iya tashin unguwa guda. Sunaye suke so kafin labaran yamma."

"Alkawarinka fa?"

"Ni ban rubuta ko ɗaya ba. Ɗan sandan da na ajiye a filin ne ya ga tsoho da kwat a kan amalanke, abin ya ba shi dariya, ya ɗauka da waya ya tura wa abokai. Daga nan ya yi ta ɗauka." Ya matse kan sigarinsa a jikin bango. "Maganar ta fi ƙarfina, Yaya."

Ita ma aka shigar da ita. Wani mutum mai furfura da taushin murya ya ba ta ruwa, ya matso da kujerarsa ɓangaren kunnenta mai ji. Ya ce shi ya fahimci sauran, manoma ne, taki suka gani. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tsoho mai shekara saba'in da huɗu, ba gonar da zai shuka bana, me zai yi da buhu goma sha biyu? Rumyana ta ga ƙofar ceto ce aka buɗe mata. Ta faɗa masa abin da Baffa Dobri ya ce a rumfa, kalma da kalma, don ya ga baƙin ciki ne kawai na uba. Mutumin ya gyaɗa kai, ya rubuta, ya sa ta maimaita wurin da ya ce sai ya fito da wani abu nasu, ya miƙa mata ta sa hannu.

Bayan kwana biyu aka sako takwas. Baffa Dobri aka wuce da shi Sofiya.

Yana can aka cika arba'in. Nevena, matar Stoil, ita ta tsaya a kan kabari ta raba dafaffiyar alkama da sukari. Rumyana ta tsaya daga jikin katangar maƙabarta, ba wanda ya matsa mata wuri. Da aka zo ƙarshe Nevena ta tako har inda take, ta sa mata ɗan kofin alkamar a hannu, don ba a tsallake kowa a rabon mamaci, ta juya ta koma.

Aka yi mako guda ana bincike da karnuka, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Tun ranar da motocin suka shigo kowa ya san inda zai kai nasa. Buhunan da ke rumfuna a sarari, inda aƙalla iska ke ratsawa, suka koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, bayan gangunan kabeji, ƙarƙashin tarin itacen hunturu, daidai ƙasan ɗakunan da ake kwana. Babbar motar da ta yi lodi sau biyu ba a sake jin labarinta ba, shugaban masu gadi aka ce an gan shi a ƙasar Sifen. An bar jaki ana dukan taiki. Masana'anta kuwa aka kewaye ta da sabon shinge, aka kafa kyamarori, aka zuba masu gadi ashirin, bayan sojoji sun riga sun kwashe abin da ya rage a siton.

Kwana goma sha shida Baffa Dobri ya yi a tsare. Rumyana ta same shi a kan benci a ƙofar gida, kwat ɗin ya yi masa yawa, gemu ya fito fari. Ta tsaya a gabansa.

"Sun ba ni takardarki na karanta," ya ce. "Maganata ce. Ba ki ƙara ko kalma ɗaya ba."

"Na ɗauka za ta taimake ka, Baffa."

"Na sani." Ya dubi hannayensa. "Nevena ta ce alkamar ta ishi kowa?"

"Ta isa."

"To. Je ki gida, Rumi."

Kafin ƙanƙara ta fara sauka ya sayar da jakin, 'yarsa ta zo daga birnin Ruse ta tafi da shi. Aka sa wa gidan kwaɗo.

A farkon Nuwamba, wata safiya Rumyana ta buɗe ƙyaure za ta sayo burodi, sai ta ci karo da buhu biyu an jingine mata. Ba takarda, ba sawun da za ta gane. Ta daɗe tsaye tana kallonsu. In ta kira Nedelchev za a tambaye ta na wane ne, karnuka su dawo, daga nan kuma ba mai sake kawowa. Ta ɗauko baro.

Mahaifinta ya bar mata wata gona a bayan gari, nesa da rafi da rijiyoyi, shekara goma ba a nome ta ba. Can ta kai ganga biyu. Takan jiƙa dunƙulen kaɗan-kaɗan har ya narke, ta yaye man da ya taso da tsumma, ta tsinka ruwan sosai, sannan ta bi gonar da bokitin ban-ruwa tana yayyafawa, layi bayan layi. Buhu ɗaya kan ci mata kwana uku. Ruwan na cin fata, kafin mako biyu yatsunta sun tsattsage har riƙe cokali sai da dabara.

Ba ta gama da waɗannan ba aka kawo uku. Daga nan aka dinga kawowa, yau ɗaya, jibi biyu, wani sa'in a yi mako ba komai. Ba wanda ya taɓa yi mata zancen. A shago in ta shiga hira kan tsaya har ta fita. Sau ɗaya dai ta dawo gida ta tarar da safar hannu ta roba a cikin jakar burodinta, ba ta san ko mai shagon ce ta sa ko wani ba.

A Janairu ƙasa ta daskare, ruwan ganga ya zama dutse, buhuna kuma suka daina zuwa. Ba ƙarewa suka yi ba, wannan ta sani. Kowane gida murhu na ci daga safe har dare, in ta fito ɗibar itace takan tsaya ta bi bututun hayaƙin layin da ido, tana tunanin wane ne ke zaune a kan nasa.

A Fabrairu aka kira shari'a a gunduma. Manajan yana ƙasar waje, likita ya rubuta ba zai iya tafiya ba. Ita da wani injiniya suka tsaya. Ba ta musa komai ba. Aka yanke mata ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, aka haramta mata aikin gwaji har abada. Matan mamatan na zaune a layin gaba, da alƙali ya gama ɗaya ta ce, ba da ƙarfi ba, "Shi ke nan?"

'Yarta ta bugo waya daga birnin Plovdiv ta ce ɗaki na nan a gyare, me ya rage mata a ƙauyen da ba a amsa gaisuwarta? Rumyana ta ce a bari sanyi ya wuce tukuna.

Da ƙanƙara ta narke a Maris, ta wanke baron ta ajiye shi a waje, a bakin ƙyaure, inda duk mai wucewa zai gani. Aka yi mako uku ba a kawo komai ba. A na huɗu aka kawo buhu ɗaya, ya jiƙe, ƙasansa ya ruɓe, sai da ta juye shi cikin bokitai kafin ta iya kai shi gona.